Jan fasfon Rahma

In ka shekara biyu a Doha kana Bahaushe ba ka san Malam Ɗalhatu Shehu Bichi ba, to ka gode wa Allah, ba ka taɓa karaya ba ke nan, tari kuma bai taɓa kai ka asibiti ba. Shi ne mai ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji a wani asibitin kuɗi da ke Al-Sadd, shekara goma sha huɗu yana wannan aiki a ɗaki ɗaya marar taga. Dogo ne siriri, furfura ta riga shekarunsa zuwa, kuma ko takalminsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Masu gadi da direbobinmu in ƙafa ta gurɗe wurinsa suke nufa, don shi kaɗai zai tsaya ya yi musu bayanin hoton da Hausa, ya nuna musu inda ƙashin ya tsage, ya kuma raka su har bakin ƙofa. Ni dai wani lokaci haƙurin nan nasa har haushi yake ba ni.

Sunana Mutala. Cike takardun biza da yankan tikitin jirgi nake yi a wani ɗan ofis a unguwar Old Airport, tsakanin mai gyaran waya da wani Ba'indiye mai sayar da shayi. Mutane na cewa ina da faɗa, kuma ba su yi min ƙarya ba. Wanda ya wuni yana karanta fasfon jama'a, yana ganin mai furfura da takarda ta ce shekararsa ashirin da tara, dole bakinsa ya yi kaifi. Gidan Malam Ɗalhatu layi biyu ne daga ofishinmu, kuma kusan duk Juma'a can nake cin tuwo, wurin matarsa Hajiya Haulat, wadda ba ta yarda tuzuru ya kwana da shinkafar kanti a cikinsa ba.

'Yarsu ɗaya ce, Rahma. Tana shekara uku suka zo da ita Doha, a nan ta yi wayo, a nan ta yi makaranta, Hausarta ma rabi Larabci ce rabi Turanci. Abin da kowa ya lura da shi a gidan shi ne Malam ba ya yi mata alkunya. A garinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, wani ko kallonsa ba ya yi a gaban mutane. Shi kuwa gatsal zai ce Rahma, ya zauna ya duba mata aikin makaranta, ya kai ta ya ɗauko ta a tsohuwar motarsa, in ta yi zazzaɓi ya ɗauki hutu. Muna yi masa tsiya cewa zaman Larabawa ya wanke masa kunya. Murmushi kawai yake yi.

Bayan ƙaramar sallar bana ya shigo ofis da koren fasfo guda uku a cikin leda. Ya ce Rahma za ta gama sakandare a watan Yuni, kuma tun tana aji ɗaya ya yi mata alkawarin hutu a Turai. Landan za su sauka, ta ga gadar nan da agogon nan da take gani a littafi, daga nan su hau jirgin ƙasa zuwa Leeds wurin ƙaninsa Uwais, wanda ya fi shekara ashirin da biyar a can yana aikin haɗa magani. Na san Uwais a baki. Shi ne Baffan da ke kiran bidiyo duk sallah, Rahma ta gaishe shi a tsaye, minti biyu ta miƙa wa uwarta wayar.

Na buɗe fasfon yarinyar na ga wurin haihuwa an rubuta Leeds.

Na ce, “Malam, ashe Baturiya kake ajiye mana a gida?”

Ya ce ai lokacin Hajiya ta je neman maganin haihuwa ne wurin Uwais, Allah ya kawo rabon a can. Ya faɗe shi sumul, babu gargada, irin maganar da aka daɗe ana maimaitawa. Na ce to madalla, haihuwa a can kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in uba ko uwa suna da takardar ƙasar. Na ci gaba da cikewa har na iso tambayar da ke cewa ko mai neman bizar yana da wata ƙasa ban da wadda ke jikin fasfonsa, ko ya taɓa riƙe fasfon wata ƙasa. Ban ko ɗago kai ba na ce, “A'a zan sa ko?”

Na ɗago na ga yana kallon bango. Can ya miƙe ya ce lokacin komawarsa aiki ya yi, ya kwashe fasfunan ya fita, shayin da na saya masa ko kurɓa bai yi ba.

Washegari bayan azahar ya dawo, ya jira sai da ofis ya zama daga ni sai shi. Ya zaro wata ambulan da ta sha ninki ya ajiye a kan tebur. A ciki akwai jan fasfon Birtaniya na jarirai, wanda ya daɗe da mutuwa, da hoton jaririya mai kumatu, da suna Rahma Uwais Shehu. A ƙarƙashinsa takardar haihuwa ce ta asali. Uba, Uwais Shehu. Uwa, Atine.



Ya ba ni labarin a hankali, idonsa a kan hannayensa. Atine matar Uwais ta rasu kwana goma sha ɗaya bayan haihuwa, jini ne ya ɓalle mata. Uwais yana da takardar zama ɗan ƙasa tun kafin nan, sai ya yi wa jaririyar fasfo ya sako ta a kafaɗa har Bichi, shi kaɗai, da gwangwanin madara a jaka. A lokacin Ɗalhatu da Haulat sun shekara tara da aure ko ɓari ba a taɓa yi ba. Mahaifiyarsu, Inna, ta tara su a ɗakinta, ta ɗauki yarinyar daga cinyar Uwais ta ɗora a cinyar Haulat, ta ce ta ba Ɗalhatu ita duniya da lahira, kuma duk wanda ya buɗe baki ya gaya wa yarinyar nan wani abu daban, ba ta yafe masa nononta ba. Uwais ya ce ya ji ya bi. Ya koma Ingila bayan sati biyu, bai sake aure ba.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kowane gida akwai wanda ya tashi a hannun baffa ko gwaggo, kuma 'yar ƙaninka ai 'yarka ce, babu mai ganin an yi ƙarya. Da za a yi mata koren fasfo, wani ɗan'uwansu ya je ya yi takardar rantsuwa da sunan Ɗalhatu a matsayin uba, aka wuce wurin. Da ita aka yi mata katin zama a nan, tunda mutum 'ya'yansa yake ɗauko wa, ba 'ya'yan dangi ba. Garin haihuwar ne kawai Ɗalhatu ya hana a canza, wai abin da aka canza ya isa haka. Inna ta rasu shekara shida da suka wuce, ba ta janye maganarta ba.

Na ce, “To me ya tayar da zancen Leeds yanzu?”

Ya ce, “Uwais ba shi da lafiya. Ciwon daji ne a hanta, likitoci sun ce ba a maganar shekara. Ya ce in kawo masa ita ya gan ta ido da ido, ya dafa kanta. Ya yi rantsuwa ba zai ce mata komai ba.”

Sai na gane hutun Turai rabi ne kawai na zancen. Na ja kujera na yi masa bayani dalla-dalla, don wannan aikina ne. Yarinyar nan 'yar Birtaniya ce tun ranar da aka haife ta, ko ta sani ko ba ta sani ba, kuma ƙasa ba ta ba ɗanta biza. Bana kuma sun ƙara tsaurara abin, mai ƙasa biyu da fasfonsu zai shiga, ko da takardar shaidar cewa yana da haƙƙin zama. Kowanne ka nema sai an kai takardar haihuwar nan ta asali. Ta kuma haura shekara goma sha shida, don haka ita za ta sa hannu da kanta, ita za a tambaya in akwai tambaya, kuma za su so su ji dalilin da sunan uba ya bambanta a fasfo biyu.

Ya ce, “In aka sa a'a fa?”

Na ce, “Ba da hannuna ba, Malam. Kuma ko wani ya cike maka, wataƙila ta wuce, wataƙila a gano, tunda sunanta da ranar haihuwarta da garin suna cikin na'urarsu tun tana jaririya. In aka gano, wasiƙa za a rubuto da sunanta a faɗi dalili, da Turancin da ta fi ni da kai iyawa. Ka zaɓa, daga bakinka za ta ji ko daga takarda.”

“Babu hanya ta uku?”

“Akwai. Kada ku je.”

Na faɗi wannan ne don in tsorata shi, wallahi ban zaci ita zai ɗauka ba. Na ce masa yanzu muna ƙarshen Maris, in ya zaunar da ita cikin satin nan ya gaya mata, aka tura takardu, akwai kyakkyawan zaton fasfo ya fito kafin Yuli. Ya ce jarrabawa take shirin yi, ba zai rikita mata kai ba. Na ce to wannan hujja ce. Ya ce kuma akwai maganar Inna. Na ce ya je ya tambayi duk malamin da ya yarda da shi a garin nan, ya ji ko akwai wanda zai ce a ɓoye wa mutum ubansa saboda furucin wanda ya riga mu gidan gaskiya. Sannan ya faɗi gaskiyar abin da ke cinsa.

“Mutala, shekara goma sha bakwai tana ce min Baba. Ba ni da kowa bayan ita. Ina tsoron ranar da za ta buɗe baki ta ce min Baffa.”

Na ji tausayinsa har cikin raina, na kuma ji kamar in shaƙe shi. Na ce yarinyar da ka yi wa wanka da hannunka, ka goya, ka kai asibiti, ita ce za ta canza maka suna saboda takarda? Ya ce ni ban haifa ba, ba zan gane ba. Na kusa ce masa ai kai ma haka, Allah ya taimake ni na haɗiye.

Afrilu ta wuce. Duk Juma'a in na je cin tuwo sai in ga Rahma da jerin wuraren da za ta gani a Landan, ta manna a jikin firij, tana ƙara wasu da jan biro. Ta tambaye ni ko biza ta fito, na ce ana kan aiki, na ji kunyar kaina. Wata rana Hajiya Haulat ta biyo ni har bakin matakala da kwanon da ta zuba min na tafiya da shi, ta rage murya ta ce, “Mutala, ka yi masa magana, kai yana jin taka. Ni na ce a gaya mata. Ni na shayar da ita da kwalba, na san 'yata, ba inda za ta. Mutumin nan yana can shi kaɗai yana mutuwa, mu muna nan muna cin abinci da 'yarsa.” Ban taɓa jin ta kira Rahma 'yar wani ba sai ranar.

Na yi masa maganar, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kullum amsarsa in an gama jarrabawa. Aka gama jarrabawa a tsakiyar Yuni, zafi ya sauko irin na Doha wanda ko ƙarfen ƙofa ba ka iya taɓawa, sai ga shi ya shigo da sabuwar dabara, fuskarsa har da ɗan haske. Wai a mai da tafiyar Istanbul. Ai can ma Turai ce, ko da gefe ɗaya ne, kuma awa huɗu ne daga Ingila a jirgi. Uwais ya taso ya same su a can, a zauna otal ɗaya kwana biyar, ya gan ta, ya dafa kanta, kowa ya koma inda ya fito, khalas, shi ke nan. Ita kuma Rahma a ce mata bizar Ingila ta yi wuya bana.

Na ce, “Mai ciwon hanta kake so ya hau jirgi ya zo ya same ka, don kai ka kasa buɗe baki?”

Ya ce sun yi magana, Uwais ya ce zai iya.

Me zan yi? Na nemo musu bizar Turkiyya, na yanka tikiti uku, na kama ɗaki biyu, na uku kuma na Uwais na sa a riƙe. Rahma ta yi fushin kwana biyu, ta cire takardarta daga jikin firij, daga baya ta manna wata.

Saura kwana shida su tashi Malam ya zo ofis, bai zauna ba, ya miƙo min wayarsa ya ce in saurara. Saƙon murya ne. Da ƙyar nake jin maganar, numfashi ya fi kalmomin yawa. Uwais ne yake cewa an kwantar da shi, likita ya hana shi ko saukowa daga bene, balle jirgi. Sannan ya ce, “Yaya, in da wahala a bar shi. Na ba ka ita, ban kuma ce a dawo min da ita ba. Ku je ku yi hutunku, kada a ɓata mata rai. A dai turo min hotuna.”

Na ajiye wayar na ce, “Malam, kai kana da damar neman biza. Bar su Hajiya su tafi, kai ka nufi Leeds, sai in yi maka ta gaggawa.”

Ya ce, “In je in ce masa me? Ba ni yake son gani ba.”

“To kira ta yanzu ka gaya mata. Ko ba ta samu zuwa ba, ta kira shi ta ce masa Baba sau ɗaya, ya ji da kunnensa.”

Ya ɗauki wayarsa ya sa a aljihu. Ya ce in soke ɗakin na uku.

Sun yi kwana takwas a Istanbul. Na ga hotunan, don ni ma an turo min. Rahma a jirgin ruwa tana jefa wa tsuntsaye burodi, Rahma da uwarta a ƙofar babban masallaci, Rahma da ƙaton ƙoƙon masara. Malam yana cikin guda biyu kawai, a tsaye a gefe, hannu a baya. Hajiya ta ce min kullum da yamma yakan zaɓi hotuna ya tura Leeds, kwana biyar na farko ana buɗewa, daga nan ba a sake buɗewa ba. Ashe an mai da Uwais gidan da ake kai waɗanda magani ya ƙare musu. Kwana tara da dawowarsu, ranar Talata da hantsi, wani Bakano da ke masallacinsu a can ya kira ya ce Allah ya yi masa rasuwa. Mutanen masallacin ne suka yi masa wanka suka binne shi, babu ɗan'uwa ko ɗaya a kan kabarin.

Aka yi zaman makoki na kwana uku a falon Malam. Jama'a sun zo sosai, masu gadi da kayan aikinsu a jiki, direbobi, likitoci biyu daga Al Gharrafa, har Filifinawan da suke aiki tare. Kowa ya ce masa ya haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'aiki, da wannan muryar tasa da ba ta hawa ba ta sauka. Ban gan shi ya yi kuka ba. Ni kuwa na zauna a lungu ina cika ina batsewa, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da na yanka tikitin nan da hannuna.

Rana ta uku bayan la'asar mutane suka watse, saura ni da shi. Rahma ta yi sallama ta shigo kwashe kofuna. Ta gaishe ni, ta tattara su a faranti, sannan ta durƙusa a gefen kujerarsa.

Ta ce, “Baba, ka ci wani abu mana. Tun jiya ba ka ci komai ba.”

Ya ce zai ci.

Ta ce, “Ka yi haƙuri. Na san shi kaɗai ne ƙaninka.” Ta juya cokali a cikin kofi. “Baffa bai taɓa haihuwa ba ko?”

Na kalli Malam. Na rantse da Allah na zaci lokacin ne. Bakinsa ya buɗe, ya kalle ta ya daɗe. Daga kicin na ji Hajiya ta kashe famfo.

Rahma ta ɗauki kallon a matsayin amsa, ta ce, “Allah sarki. Ke nan ba shi da ɗan da zai riƙa yi masa addu'a.”

Ya ce, “Ke ki riƙa yi masa.”

Ta miƙe da farantin a hannu ta ce, “To Baba, in sha Allahu. In na gama yi muku kai da Mama, sai in riƙa sa shi.”